Ranar da Na Raka Baba Duba Gida a Katsina

Mahaifina maƙeri ne a Batsari. Fartanya da garma da lauje yake ƙerawa, manoman Karare da Yasore kan zo su saya tun kafin ruwan shuka ya sauka. Da rashin tsaro ya hana mutane zuwa gonakin nesa, sai ciniki ya ja baya. Akwai ranar kasuwar da ya dawo da kayansa kamar yadda ya fita da su.

A lokacin ina koyarwa a wata firamare a Safana, ina zuwa gida duk ƙarshen mako. Kowane zuwa, magana ɗaya nake tararwa a tsakar gida, ta komawa Katsina. Gidaje biyu na maƙwabtanmu sun riga sun tashi. Inna takan ɗaure kwanukanta a buhu, washegari ta kwance saboda girki.

Wata Asabar Baba ya ce in raka shi mu gani da idonmu. Muka bi a-kori-kura da sassafe, muna zaune a kan buhunan gero. A wata unguwa ta bayan gari aka nuna mana ɗakuna biyu na haya. Baba bai ko leƙa ciki ba, ƙofar gidan ya tsaya yana aunawa da ido.

"Malama," ya ce, kamar yadda yake kirana tun da na fara aiki, "a ina zan kafa maƙera a nan? Kuma wa zai sayi fartanya a inda babu gona?"



Mun kama hanyar tasha ke nan sai ya ji bugun guduma. Ya bi sautin har wata rumfa, inda muka tarar da wani dattijo mutumin Runka, maƙeri shi ma, wanda ya daɗe da dawowa birni da iyalinsa. Suka jima suna gaisawa, suna tambayar wanda ya tashi da wanda ya zauna. Murhun gawayi dattijon yake yi da tsofaffin ƙarafa.

"Matan birni ba sa noma, amma kullum sai sun ɗora tukunya," in ji shi. "Aikin ya fi ƙarfina ni kaɗai. Zauna ka gwada."

Baba ya naɗe hannun rigarsa. Murhun farko ya fito a karkace, ya warware shi ya sake. Wata mai tuyar ƙosai ta zo ta jujjuya shi, ta ɗora kaskonta ta ga ya zauna daidai, ta saya. A mota Baba ya yi ta zana fasalin murhu da yatsa a tafin hannunsa.

Ba mu tashi gaba ɗaya ba. Yanzu da rani Baba yana aiki a rumfar dattijon, da damina ta kusa sai ya dawo gida, don masu noman kusa da gari suna nemansa. Bana Inna ta bi shi ta yi sati guda. Da ta dawo na tambaye ta yadda ta ga birni.

"Gaisuwarsu gajera ce," ta ce. "Amma asibiti na nan kusa, ruwa kuma a ƙofar gida. Na faɗa wa babanki, in tashin ya tabbata, ɗakin da ke kusa da famfo nawa ne."