Shimfiɗar Cikin Takalmina

Ranar wata Alhamis, a kakar shekarar da na shiga aji huɗu, na faɗi da ƙwaryar fura a kan hanyar fadama. Babana da ƙannensa suna can suna yankan shinkafa tun hantsi, ni aka aika in kai musu. Da gudu na fita, domin ni ban iya tafiya a hankali ba, sai ƙafata ta hagu ta lanƙwashe ciki kamar an ja ta da igiya. Fura ta malale a kan kunya, ni kuwa na zauna ina riƙe da idon sawu, ina kuka, ba don zafi ba, sai don haushi. Karo na uku ke nan a wata guda. Da Baba ya iso bai yi faɗa ba. Ya ɗauki takalmina ya juya shi, ya ga gefe ɗaya ya cinye har ya huje, ɗaya gefen kuwa kamar sabo. Ya daɗe yana kallonsa.

A gidanmu na Argungu an san ni da rashin zama. Inna takan ce, "Wagga ɗiya ko a sallaya sai ta motsa." Ni ce ɗebo ruwa, ni ce korar tsuntsaye a gonar shinkafa da gwangwani da tsakuwa, ni ce kai niƙa, kuma in an tashi tara a makaranta ni ce ta farko a filin 'yar gala-gala. To a shekarar nan sai abin ya fara gagarata. In na yi tafiya kaɗan tafin ƙafar ya ɗau zafi, ya hau ƙwauri, ya tsaya a gwiwa. A fareti nakan fita daga layi, monita ya rubuta sunana. An gasa ƙafar da ruwan zafi, an shafa man shanu, mai ɗori ya murza ta har na ciji zanen Inna, duk a banza. Wata rana ina surfe na ji Baba yana cewa in dai tafiyar makaranta ce ke ƙara ciwon, to ni Luba in zauna gida in huta shekara guda. Na ajiye taɓarya. Shekara guda a zaune! A ranar sai shiga ɗaki nake ina fita.

Ƙanwar Baba da ke aure a Birnin Kebbi ce ta kawo labarin wani ma'aikacin asibiti, Malam Yohanna, mutumin wajen Filato, wanda ya koyi gyaran tafiyar masu ciwon ƙafa. Lokacin muna cikin Jihar Sakkwato, kuma ban taɓa shiga mota mai nisa ba. Ni da Baba muka same shi a wani ɗan ɗaki a bayan asibitin Birnin Kebbi, dogo, da fensir a bayan kunne. Na zaci allura zai yi mini. Sai ya sa na tsoma ƙafafuna a bokitin ruwa, ya ce in taka simintin baranda in je in dawo. Ya durƙusa ya kira Baba ya nuna masa sawun: na dama da ɗan rami a tsakiya, na hagu kuwa shafe, duk tafin ya kwanta a ƙasa. Ya koma bayana ya ce in sake tafiya, ya kama dunduniyata ya nuna yadda take karkata ciki, tana jan gwiwa tare da ita. "Baba, ƙafar ba ta lalace ba," in ji shi. "Tallafi take nema daga ƙasa." Daga nan ya naɗe ƙafar da farin ƙyallen nan mai gari da ake ɗaure karaya, ya ce kada in motsa sai ya bushe. Ban taɓa zama mai tsawo irin wannan ba. Yatsuna suna ƙaiƙayi, ƙuda na yawo a hancina, shi kuma yana riƙe da dunduniyar a miƙe da hannu biyu.

Asibitin ba su da kayan yin abin, don haka ya zana shi a takarda, ya nuna inda za a ɗaga da inda za a rage, ya ba mu siffar ƙafar muka kai wa Baba Sanda baduku a kasuwar Argungu. Tsohon ya yanka robar taya, ya kankare ta da wuƙa, ya lulluɓe da fatar akuya mai laushi. Shimfiɗa ce 'yar ƙarama da ake sakawa cikin takalmi, gefenta na ciki da tudu kamar kaurin yatsa.

Kwana biyu na sa ta. Tudun yana sukar wani wuri ƙasa da babban yatsa har ya tashi bororo, ga shi dole in sa takalmin kambas, yara suna ce mini mai ƙafar soja. Na san in na ce tana ciwo, Baba zai ce maganin bai yi ba, a zaunar da ni. Sai na koyi dabara. Kullum da safe in fita da ita, in na kai gindin tsamiyar bayan makaranta in zare ta in cusa a jaka, in an tashi in mayar. Wata guda ina haka, ina ɗingishi a ɓoye, ina miƙewa a gaban Baba, hankalina bai taɓa kwanciya ba.

Ranar komawa, Malam Yohanna ya zaro shimfiɗar ya kai ta bakin taga. Fatar tana nan kusan fes, da ƙyar ake ganin alamar zufa ko ta yatsa. Ya ce wa Baba ya ɗan jira a waje. Sannan ya zauna a ƙasa, daidai tsayina, ya ce, "Luba, wannan fatar ba ta san ƙafarki ba. Ina ne take cizonki?" Na fashe da kuka na nuna masa. Ya shafa alli a wurin, ya sa na taka, farin ya fito a kan fatar. "Kin gani? Kuskurena ne, tudun ya yi gaba da yawa. Ni ina da ido, amma ke ce mai ƙafar. In ba ki faɗa ba, ba zan sani ba." Ya ɓare fatar ya kankare robar da kansa, in taka, ya sake kankarewa, har sau biyar. A na ƙarshe na tafi ƙarshen barandar na dawo, na sake tafiya ba wanda ya sa ni. Abin da ya gaya wa Baba kawai shi ne a bar ni in ci gaba da makaranta. Har na gama firamare, duk shekara sai mun koma an yi sabuwa, domin ƙafar tana girma.

Yanzu ina zaune a Gwadangaji, na yi ritaya daga koyarwa bayan shekaru masu yawa ina tsaye gaban allo. Bara na raka jikana asibitin nan na Birnin Kebbi, aka ce ya hau kan na'ura, hoton tafinsa ya fito da launuka, kafin in gyara mayafi an gama. Na ji daɗi, amma na tambayi tsofaffin ma'aikata ko akwai wanda ya san inda Malam Yohanna yake. Suka ce tun da aka raba jiha ya koma garinsu, ba wanda ya riƙe sunan garin. Duk zuwan da na yi wurinsa, Baba ne ke tsayawa yin godiya, ni kuwa ina bakin ƙofa ina ɗokin fita. Sai yau da na iya zama nake da abin da zan ce masa.