Bayan Zanar Gidan Kallo

Ranar da aka nuno yayata a talabijin tana buga wa Najeriya, ƙasar iyayenmu, ƙwallo, a bayan zanar wani gidan kallo na unguwar Bololo na tsaya. Wai mata ba sa shiga, mu kuma ba mu da talabijin. Ni da na shekara shida ina tsare mata gola tsakanin turmi da randa, har ta karya min yatsa. Da ta ci, ihun maza kawai na ji. Na leƙa ta wata kafa, ba abin da na gani sai ƙeyoyi. A ciki na gane ta babanmu, wanda ya ƙona mata takalma sau biyu. Ana ta miƙa masa hannu, yana karɓa.