Agogon Baba a Tsibirin Aswan

Ko zan manta komai na shekarun karatuna a Alƙahira, ba zan manta ranar da agogon Baba ya kusa sa jirgin ruwa ya tafi ya bar mu a tsibiri ba.

Baba ya zo ne a cire masa yanar ido a wani asibiti a unguwar Dokki. Mai lambun mangwaro ne a garinmu, amma shekara uku ke nan da lalube yake gane bishiyoyinsa. Da aka kwance bandeji ya fara gani tar, sai ɗakina na Ainu Shams ya yi masa kaɗan. Kullum yana bakin taga yana mitar wai garin nan ko ganye ɗaya babu. Don haka na kai shi yawo a kogin Nilu, cikin jirgin ruwa mai ɗakunan kwana, daga Luxor zuwa Aswan.

A Aswan aka kwashe mu a kwale-kwale zuwa wani tsibiri da ba komai a cikinsa sai bishiyoyi. Jagoranmu ya ja kunne cewa ƙarfe huɗu jirgi zai juya, kuma ba ya jiran kowa. Fasfo ɗinmu na cikinsa, haka maganin da nake ɗiga wa Baba a ido, wanda likita ya ce kada a kuskura a tsallake. Cajin wayata ya ƙare tun da rana saboda ɗaukar hoto, amma ban damu ba tunda Baba na da agogo.

Ban taɓa ganin Baba cikin farin ciki irin na ranar ba. Ya tsaya gaban wata tsamiya yana gaishe ta kamar ya haɗu da ɗan garinsu, ya ga goruba ya yi ta dariya. Can muka iske wani dattijo mai kula da lambun yana yi wa mangwaro aure, wato haɗa reshen wani a jikin wani. Baba ya ɗan kalla, ya girgiza kai.

"Gaya masa yankan ya yi zurfi."

"Haba Baba, a ƙasarsu?"

Bai saurare ni ba. Ya miƙa hannu aka ba shi wuƙar, ya fere reshen, ya ɗaure tsaf. Dattijon ya duba, ya ce, "Tamam, ya hajji," ya jawo butar shayi. Tun ina fassara har suka daina bukatata, da hannu suke hirarsu. Ayarinmu ya yi gaba, na tambayi Baba lokaci.

"Uku saura kwata. Kwantar da hankalinka, ɗan Misra."

Dattijon ya leƙa agogon, ya leƙa nasa, ya fashe da dariya. "Wannan agogon wace ƙasa ne?" Ashe tun da Baba ya baro gida bai taɓa shi ba, ga Masar tana gaba da awa guda. Ni da na shekara huɗu a ƙasar ban tuna ba. Na hango bakin ruwa, babu ko mutum ɗaya daga ayarinmu.

"Ma'alish, yalla," in ji dattijon, wato ba komai, mu tafi. Ya ƙwala wa ƙanensa mai kwale-kwalen inji kira, muka afka. Ni ina ta salati, Baba kuwa ya dafe hula da hannu ɗaya, ɗayan riƙe da reshen mangwaron da aka ba shi tsaraba, yana nuna mini tsuntsaye. Mun isa ana janye tsanin shiga. Fasinjoji suka hau tafi daga sama, Baba na ɗaga musu hannu kamar ɗan takara.

Can da yamma, raina a ɓace na ɗiga masa magani, na ce ya kawo agogon in gyara. Ya ɓoye hannunsa cikin riga.

"Bar shi. Da shi nake sanin yanzu mahaifiyarka ta idar da La'asar, ta fita duba mini lambu."

Kunya ta kama ni. Reshen dai bai kai gida da rai ba, amma har yau Baba na ba da labarin yadda ya koya wa Bamisre aiki. Ni kuma na koyi in tambayi lokacin garin da nake, na kuma koyi kada in yi saurin gyara abin da dattijo ya bari yadda yake sai na ji dalilinsa. Baba ya zo Masar neman idonsa ne, bai taɓa barin gida ba.