Shanya da Shanyewa

A ƙauyenmu, gabas da Ɗambatta, da an idar da sallar magariba muke kewaye murhun Kaka Yalwa. Tana gasa mana gyaɗa a toka, tana korar awaki da ƙafa, bakinta kuma bai huta ba. Ni da yayana Habu ne 'yan gaba. Shi take kira maigida, tana yi masa tsiya wai ta auri mijin da ko cefane bai iya ba.

Akwai tatsuniyar da ta fi maimaitawa. Wani manomi ne ruwan ƙarshen damina ya daki dawarsa bayan ya yanke. Matarsa ta ce a baza ta a rana. Ya ce Allah ya kiyaye, maƙwabta su ga abin da ya same shi? Ya loda ta a rumbu da danshinta, ya liƙe. Duk wanda ya tambaye shi amfanin gona, ya ce sai godiya. Da bazara aka buɗe, babu komai sai ruɓa da wari.

"Maigida," in ji Kaka, tana dungure wa Habu kai, "abin da ya jiƙe, shanya shi ake yi."

Amma wa ke jin ta tsohuwa? A zaure wani karatun ake yi masa. Ranar da ya sare ƙafarsa da fartanya ya fashe da kuka, Baba ya ce namiji shanyewa yake yi, kuka sai mata. Kaka ta ce a shanya, Baba ya ce a shanye. Habu ya ɗauki ta Baba.

Shekara uku ke nan da matar Habu ta rasu wajen haihuwa, ita da jaririn. Kwana bakwai yana kan tabarmar gaisuwa, ana ce masa ya haƙuri, yana cewa da godiya, ido a bushe, dattawa suna ta yaba jarumtarsa. Daga nan ya daina cin abin kirki, ya daina hira. Na tsare shi a bayan ɗaki, na ce ya yi magana ko da zagina ne zai yi.

"Ke, lafiyata ƙalau," in ji shi.

Raina ya ɓaci, har yau bai huce ba. Kuma ba da shi kaɗai nake fushi ba, har da masu yabon.

Bana ya faɗi a gona. A asibiti suka ce hawan jini ne, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Jiya ina ba shi kunu a cokali, na tuna masa da manomin Kaka. Ya buɗe baki zai amsa, harshen ya ƙi. Sai ga hawaye, bayan shekara uku. Ban share masa ba. Na bar su su sha iska.