Tagar Ɗakin Ajiya

Abin da na fara gani ranar da aka kawo ni Tasawa shi ne tagar ɗakin da zan kwana. Ƙarama ce, ta kai tsayin haɓata, an gitta mata sandunan ƙarfe an kama su da walda. A sandar tsakiya akwai guntun igiya shuɗiya da wani ya ɗaura ya manta.

Na ci jarrabawa a ƙauyenmu da ke ƙasar Hawandawaki, babu koleji kusa, sai mahaifina ya danƙa ni ga wani amininsa na ƙuruciya. Kawu nake ce masa, matarsa kuma Inna. 'Ya'yansu duk maza ne, don haka aka share mini ɗakin ajiya da ke kusa da zaure. Saboda ɓarayi aka yi wa tagar ƙarfe tun can, kuma ƙofar ba ta da sakata ta ciki, sai kwaɗo ta waje.

Kawu esansi, wato man fetur, yake sayarwa a kwalabe a ƙofar gida. Da magariba ake shigo da jarkokin a jera su a lungun da ke bakin ɗakina. Bayan isha'i Inna takan leƙo ta tambaye ni ko na yi fitsari, ta ja ƙofa ta danna kwaɗo. Ba mugunta ba ce. Ta sha faɗa wa maƙwabta cewa 'yar mutane amana ce, ita ba za ta ji kunyar ƙauye ba. Makullin a bakin zanenta yake kwana.

A gida da kakata nake kwana, a bukkar kara. Wata shekara da rani wuta ta kama bukkar maƙwabta ta nufo tamu, Kaka ba ta ko dubi ƙofa ba, ta sa kafaɗa ta keta zana ta baya, ta jawo ni. Tana karkaɗe mini toka a kai ta ce ko gafiya ba ta haƙa rami da baki ɗaya. A Tasawa babu wanda zan ba wannan labari. A aji ana yi wa maganata dariya, a gida kuwa daga gaisuwa sai “to”. Idan na dawo daga lakkwal, wato makaranta, nakan tsaya a tagar in kalli masu wucewa kasuwa. Na taɓa gwada sandunan: hannuna na fita har kafaɗa, kaina ba ya shiga.

Wata ranar Lahadi da la'asar ina bitar karatu, wani ɗan kabu-kabu ya tsaya sayen mai bai kashe babur ba. Ta tagar na ga wutar ta tashi daga tanki, ba ƙara, kamar an buɗe laima. Aka yi ta watsa yashi har ta mutu. Nan da nan aka koma raha. Mai shayin gefe ya ce wa ɗan kabu-kabun ya taya shi murna, an yi masa askin gemu kyauta. Shi kuma ya ce ai gara shi yana da gemun da zai ƙone. Kawu ma ya yi dariya yana hura yatsunsa.

Da magariba aka shigo da jarkokin, aka jera su inda aka saba.

Daga ranar na riƙa shirya maganar tagar a bakina a hanyar lakkwal, in zo gaban Kawu ta narke. Ina tsoron ya ɗauka raina masaukinsa na yi, ko Inna ta zaci hanyar fita yawo nake nema, a aika wa mahaifina a mayar da ni gida, karatu ya ƙare.

Sai ga mai walda ya zo gyaran teburin kwalabe da wuta ta lanƙwasa. Inna ta aike ni in kai musu ruwa. Na durƙusa na miƙa kwanon, ban tashi ba.

“'Yata, lafiya?” in ji Kawu.

Na dubi ƙasa. Akwai ɗigon ƙarfe a yashi, bai gama hucewa ba.

“Kawu, tun da mai walda na nan, don Allah a yanke ƙarfen tagata a sa masa pata ya riƙa buɗuwa kamar ƙofa, da sakata ta ciki. Ba zan buɗe ba sai in wuta ce. Inna ta ci gaba da kulle ƙofar.”