Faifai na Uku da Sunan Baban Ƙauna

Wata mata a cocinmu ta tare ni bayan sujada, wai ɗanta ya matsa mata ta saya masa irin akwatunan nan da ake sake fitar da tsofaffin faifan kiɗan Turawa na punk a ciki, masu tsadar tsiya, shin akwai abin kirki a cikinsu ko ɓarnar kuɗi ce. Ni Celina ta tambaya, mai aikin kula da tsofaffi, wadda ko sunan kiɗan ba na faɗa daidai. Amma ta san dalilin da ya sa ta zo wurina. Na ce ta ja kujera, sai ta ji labarin maigidana tukuna.

Baban Ƙauna mutumin Langtang ne. Haka nake kiransa tun da aka haifi 'yarmu, kafin nan kuma Malam nake ce masa. Sai da muka kusa shekara ashirin da tara da aure sunansa na baftisma bai fita daga bakina ba. Haka na taso na ga uwata tana yi wa ubana. Ko a asibiti aka tambaye ni, takarda nake jawowa in rubuta in miƙa musu, su yi ta kallona kamar mai taɓin hankali.

Babansa mai bishara ne, mutum mai tsanani, wanda ya ɗauki gita a matsayin kayan Shaiɗan. Mamansa kuwa ita ke buga tulu a zumuntar mata, kuma a hannunta ya ɗauki kiɗa. A 1988 ya zo nan Greensboro a Amurka karatu, ya samu aikin wanke kwanuka a wani gidan abinci a tsakiyar gari. A nan ya haɗu da Wade, ɗan masu hali daga unguwar Sedgefield, wanda ke wanke kwanuka don kawai ya ɓata wa ubansa rai. Wata rana Wade ya ji shi yana buga gindin tukunya da tafin hannu, sai ya maƙale masa, wai ƙungiyar kiɗansu ba ta da mai ganga. Sunan ƙungiyar ba zan faɗa ba, ba zan yi musu tallar kyauta ba.

Kiɗan nan, in ba ku taɓa ji ba, kamar an kifar da kwandon kwanuka daga bene ne ana zagin gwamnati. Shi kansa Baban Ƙauna bai taɓa sanin ko zunubi ne ko ba zunubi ba. Abin da ya sani shi ne da ya zauna a bayan gangunan, kewar gida takan sake shi. Saboda haka ya samar wa kansa mafita. Kafin kowace waƙa sai ya sunkuya ya yi addu'a da Hausa, a fili, yadda aka koya masa a gida: «Ubangiji, ga bawanka,» ya faɗi sunansa da na ubansa, «ka gafarta mini wannan hayaniya.» Sannan ya ɗaga sanda ya buga musu kiɗan mamansa, da gudu ninki uku.

A 1991 suka shiga situdiyo suka yi faifai guda ɗaya tak. Da aka zo rubuta sunaye a bango, maigidan nawa ya roƙe su kada a sa nasa. Tsoronsa kada wani ɗan Langtang ya ga faifan, labari ya isa kunnen mai bishara cewa ɗan da ya tura karatu yana can yana yi wa 'yan iska kiɗa. Sai aka rubuta «ganga: wani aboki». Shekara ta zagayo ya bar su, ya kama aiki a wani sito wajen McLeansville, ya shekara talatin yana tuƙa motar ɗaga kaya, ranar Lahadi kuma ya buga ganga a coci. Faifan nan guda ɗaya ya ajiye, a ƙasan akwatin da muke zuba fasfo. Babansa ya rasu bai taɓa jin labari ba.

Shekara biyu da suka wuce ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ƙafa ta dawo da sanda, baki ya dawo a hankali, hannu bai dawo ba. Ya daina zuwa coci, don ba ya iya zama ya ga wani a kan gangunan. Wata safiya ina sa masa riga, ya dubi hannun a cinyarsa ya ce, «Celina, me hannun nan ya taɓa yi a duniya ban da ɗaga kwali?» Na yi masa faɗa, na shiga banɗaki na yi kukana.

To bara Ƙauna, wadda ke aiki a wani ofis kusa da kotu, ta ga fosta a tagar wani shagon faifai a Elm Street. Ashe faifan da babu mai so a da ya zama abin nema, kuma duk saboda gangar, wai ba a taɓa jin mai bugu irin wannan a punk ba. Wani kamfani ya sake fitar da shi a akwati mai nauyi kamar bulo, faifai uku a ciki da littafi mai hotuna. Yarinyar ta saya da murnarta don ta faranta wa ubanta. A teburin cin abinci ta buɗe littafin tana karanta mana, har ta kai shafi na sha biyu, sai ta tsaya.

Na ce, «Ci gaba mana.»

Ta karanta da Turanci, don ita Hausarta ta saurare ce. Wade ya rubuta cewa babu wani aboki, raha ce kawai suka yi. Shi da kansa ya buga gangar faifan daga farko har ƙarshe, kuma kiɗan ya zo masa ne wata rana a garejin uwarsa.

Garejin uwarsa! Kiɗan da surukata ta buga a tulu har tafinta ya yi kanta, shi ne ya sauko wa ɗan Sedgefield a gareji, tsakanin injin yankan ciyawa da sandunan golf. Wallahi sai da na ji kunnuwana sun yi zafi.

Baban Ƙauna ya ce, «Ki bar shi. Ni na ce kada a sa sunana.»

Na ce, «Baban Ƙauna, sunanka ka ce a cire. Ka ce a ba wani hannunka?»

Ya tashi da sandarsa ya shige ɗaki, kuma kwana biyu bai ci abincin kirki ba. Ni kuwa na ƙudura a raina cewa sai Wade ya haɗiye shafin nan a gaban jama'a, ko da shi ne abu na ƙarshe da zan yi a Amurka.

Haɗama ce ta kama Wade. Don akwatin ya yi kauri a tsawwala masa kuɗi, sai suka kwashe duk tarkacen kaset ɗin situdiyo suka cika faifai na uku, har da tari da jan kujera. Na sa shi ina guga, ba don ina so ba, sai don in san maƙiyina. Kawai sai na ji muryar wani saurayi can ƙasa-ƙasa, dab da makirufo: «Ubangiji, ga bawanka…» Saura kaɗan in ƙona rigar aikina. Sau goma sha ɗaya ya faɗa, kafin kowace waƙa, da sunansa da na ubansa. A littafin kuwa Wade ya ce wannan surutun da yake yi ne in ya sha ya bugu. A tunaninsa duk North Carolina babu mai jin abin da aka ce.

Fostar ta ce ranar Asabar da ƙarfe biyu Wade zai zo shagon ya sa wa masu saye hannu. Na kira Anti Serah, shugabar zumuntar matanmu, na sa mata faifan a waya. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, «Wannan ai kiɗan shiga da baiko ne a coci. Zanen zumunta za mu ɗaura ko na gida?» Na ce na zumunta, Anti, kuma a zo da tulu.

Mu goma sha huɗu muka shiga shagon, zane iri ɗaya, ɗankwali iri ɗaya. Mun tarar da layin Turawa masu furfura da baƙaƙen riguna, kowa rungume da akwatinsa, Wade yana zaune a bayan tebur da tumbi da ɗan kunne. Baban Ƙauna ya yarda ya biyo mu, amma ya ce shi a mota zai zauna. Muka bi layi da ladabi kamar masu karɓar jibin Ubangiji. Da muka matso, Ƙauna ta roƙi mai shagon ta sa faifai na uku a lasifika, matar ta sa da fara'arta.

Muryar ta fito ta cika shagon. Da ya kai «ka gafarta mini wannan hayaniya», mata goma sha huɗu suka amsa da baki ɗaya, «Amin.» Babu wanda ya shirya wannan, bakinmu ne kawai ya saba. Sai ganga ta faɗo, Anti Serah ta zauna a kan wani akwatin faifai ta kafa tulu tsakanin gwiwoyinta, ta shiga kiɗan daidai wurin da ya kamata, masu caki suka bi ta. Matar da ba ta taɓa jin punk ba sai makon nan, ga ta tana tafiya da shi kamar tare aka yi su. Mutanen layi suka zaro wayoyi suna ɗauka.

Da waƙar ta ƙare Ƙauna ta juya ta fassara musu addu'ar. Ni kuma na karɓi tulun na dire shi a teburin Wade, a kan littattafansa. Turancina na aiki ne, amma ranar ya ishe ni. Na ce tunda kiɗan nan a gareji ya zo masa, ya buga mana shi mu ji.

Ya yi dariyar yaƙe, ya ce ai an daɗe. Na ce Anti Serah shekararta sittin da takwas, ba ta manta ba. Fuskarsa ta yi ja har wuya. Ya dubi wayoyin, ya dubi mai shagon, sannan ya ce to gaskiya akwai wani yaro ɗan Afirka, amma shi ya nemi a ɓoye shi. Na ce haka ne, ya nemi a ɓoye shi, bai nemi a sace shi ba. Na buɗe littafina a shafi na sha biyu, na miƙa masa alƙalamin da yake ta sa hannu da shi, na ce ya soke ƙaryarsa ya rubuta sunan mai gangar.

Ya riƙe alƙalamin ya tsaya. Ya ce su dai Rabaran suke ce masa, saboda yawan addu'a. Shekara uku suna cin abinci a kwano ɗaya, yanzun nan kuma sunan ya fito a lasifika a kan kansa, amma mutumin nan bai san shi ba. Wannan ya fi ƙaryar ƙona mini rai.

Ƙauna ta buɗe baki za ta faɗa, na riƙe hannunta. Na laluba jakata neman takarda yadda na saba, sai na ga rubutu ba zai kai ƙarshen layi ba. Na ɗaga murya yadda na bakin ƙofa zai ji, na ce, «Gregory Nanven.» Na ji matan zumunta sun ja numfashi a bayana, don su sun san abin da na yi.

Ya rubuta a nawa. Na bayana ya miƙo nasa ya ce shi ma haka yake so, na bayansa ma haka. Na tsaya a kan Wade har layin ya ƙare, ina kallo yana soke kansa da hannunsa littafi bayan littafi, gumi yana ɗiga a takarda. Da ya gama ya ce yana so ya ba da haƙuri. Na ce ya kai haƙurinsa gareji. Fasto ya yi mini wa'azin gafara daga baya, na ce masa ina kan hanya, amma ban iso ba, kuma ba sauri nake ba.

Abin da na gaya wa matar nan ke nan. Faifai na farko ɗanta zai iya ji a waya, na biyu cikon akwati ne, littafin kuma duk wanda ya rage da rai da baki shi ke rubuta shi yadda ya ga dama. In za ta saya, ta saya don tarkacen da suka manta ba su share ba, kuma ta haɗa masa da alƙalami. Kamfanin har yau bai gyara shafin ba.

Akwai abin da ban gaya mata ba. Da na juya zan fita daga shagon, na ga Baban Ƙauna a bakin ƙofa, dogare da sandarsa. Ƙarar tulun ce ta fito da shi daga mota, kuma ban san tun yaushe yake tsaye ba. Bai ko dubi inda Wade yake ba. A hanyar gida Ƙauna tana tuƙi, mu biyu muna baya, yatsun hannunsa na hagu suna ɗan buga murfin akwatin a cinyarsa. Mun kusa gida ya ce, ba tare da ya dube ni ba, «Celina, sake faɗa in ji.»

Kunya ta rufe ni a gaban yarinyar, na ce ai sau ɗaya ya isa. Ya ce shi daga nesa ya ji, kuma da hayaniya. Na ɗauko hannunsa na dama na ɗora a cinyata, na sake faɗa.