Lalla Mammas da Buhun Lungu

Shekara hamsin da ɗoriya Lalla Mammas tana fasa ƙwallon argan, bishiyar da muke tatsar mai daga ƙwayarta. Ta fara tun kafin aure, a gefen uwarta, a ƙauyenmu na kan hanyar Tarudant. Dutse a gaba, dutse a hannu, bugu ɗaya ƙwallo ya rabe, ƙwayar ta fito ko ƙwarzane babu. Ta haifi bakwai, ta binne uku da miji. Idonta na hagu ya yi yana, na daman ma sai a hankali. Ko alif ba ta sani ba.

Da muka kafa ƙungiyar mata, ita ta fara shimfiɗa tabarma. Shekara tara muna tatsar mai muna sayarwa a jarka, wasu can su zuba masa ƙamshi su manna sunansu. Sai shugabarmu, Hajja Rkiya, ta ce mu ma za mu haɗa namu man fuska. Aka ɗauko Dakta Sukaina daga Agadir, yarinya mai natsuwa, aka gyara mata ɗakin gwaji. Ni aka ba wanke kwalabe da rubuta musu lamba.

Haɗin ba wani yawa gare shi ba: ɗanyen mai wanda ba a soya ƙwayarsa ba, kakin zuma, ruwan wardi. Dakta ta haɗa, fari tas, ta sa a akwatin zafi don ta ga ko zai jure ajiya. Bayan mako uku aka buɗe, sai hamamin bunsuru. Ta canja kaki. Ta canja ruwa. Ta sa na dafa kwalabe har yatsuna suka saɓule. Sau goma sha ɗaya, hamami bai fasa ba.

Hajja ta zauna ta gano mai laifi: hannun tsofaffi. Wai lalle, wai suna cin burodi da amlu, kwaɓin nan na mai da zuma, a kan tabarmar aiki, wai daga garken awaki suke zuwa. Daga wata mai kamawa, su shida su zauna a gida, a ɗauki 'yan mata masu safar hannu. Matan da suka ɗauko ƙungiyar nan a bayansu! Na faɗa mata a gaban kowa cewa wannan butulci ne. Ta ce in koma wajen kwalabena.

Washegari da hantsi Lalla Mammas ta dogara sandarta a ƙofar ɗakin gwajin da aka hana su shiga.

"'Yar Bihi, miƙo min abin nan da aka ce mun lalata."

Na miƙa mata. Ta lakata, ta murza a wuyan hannu, ta sunsuna sau ɗaya.

"Dakta, 'yata, daga wane buhu kike ɗiba?"

"Na lungu, Lalla. Ni na zaɓe shi da kaina, duk ya fi tsabta."

Tsohuwar nan ta yi dariya har da riƙe ƙofa.

"Dole ya fi tsabta! Mai wankinsa ƙafa huɗu gare ta. Wa kike ba ya fasa miki?"

"Lalla Yamna."

"Yamna! Wadda hancinta ya rasu tun shekarar fari?"

"Ina jin ki, makauniya!" in ji Lalla Yamna daga tsakar gida. "An tambaye ni ne?"

Akuya kan hau bishiya ta ci 'ya'yan, in ta zo tuƙa ta tofar da ƙwallon sumul, yana sheƙi. Makiyaya su tsince su kawo. Wanda muka ɓare da hannu kuwa yakan fito da dauɗar ɓawo a jikinsa. Dakta ta duba ta zaɓi mai sheƙi. A man ci, suya kan ɗan rufa masa asiri. A ɗanyen mai babu wutar da za ta rufa.

Hajja ta ce ƙwallo ai ƙwallo ne, tsohuwa na kare tabarmarta ne kawai. Dakta ba ta yi musu ba. Ta ɗebo ɗari daga buhun lungu, ta ɗiga wa kowanne alli. Ta ɗebo ɗari daga namu, ta goge su har suka yi sheƙi iri ɗaya, ta gauraya a faranti.

Ban taɓa ganin irin wannan ba. Lalla Mammas ko faranti ba ta kalla ba, fuskarta na wajen Yamna suna ci gaba da faɗansu. Ta ɗauki ƙwallo, ta juya shi tsakanin yatsu, wani ta hura masa numfashi ta kai hanci, ta jefa dama ko hagu. Kafin shayin da aka ɗora ya tafasa ta gama. Dakta ta durƙusa tana ƙirga.

Hagu ɗari da ɗaya. Ɗari duk masu alli, ɗaya babu.

"To ga shi, ta yi kuskure," in ji Hajja.

"Fasa shi, Hajja, in kin tuna yadda ake yi," in ji Lalla Mammas.

Ni na fasa, na miƙa wa Dakta ƙwayar. Ta sunsuna, ta runtse ido. Ashe wani na akuya ne ya ɓuya a cikin buhunmu. Dakta ta tatsi mai daga kashi biyun, ta auna, tsamin na hagu ya ninka na dama. Ta fito da takardar awon a hannu, ta sunkuya ta sumbaci kan tsohuwar.

"Lalla, yaya kike yi?"

"Wanda ya kwana a cikin akuya ba ya ɓoyuwa, 'yata. Santsinsa daban ne."

Haɗi na goma sha biyu ya yi mako shida a akwatin zafi. Ranar buɗewa tsofaffin shida suka jeru a bakin taga. Na murɗe murfi, ƙamshin wardi ya fito, shi kaɗai.

Hajja ta kira taro ta ce an ɗage maganar zama a gida. An ɗage! Haƙuri dai ba ta ba su ba har yau. Biyar daga cikinsu suna kan tabarminsu. Lalla Mammas kuwa, Dakta ta sa an ajiye mata kujera a bakin ƙofa, babu buhun da zai shiga sai ta nutsa hannunta a ciki har gwiwa. Makon jiya ta mayar da uku. Na ƙanin mijin Hajja ne.